Daudawa: garin da ya fito a fim tun bai mallaki silima ba

Ƙannenmu 'yan makaranta, duk ranar da malamin Hausa ya zo kan tarihin wasan kwaikwayo, da wuya ya wuce bai ambaci Baban Larai ba. Yana cikin finafinan farko da aka yi da harshen Hausa, tun a shekarun 1950, Turawa ba su tafi ba. Abin da ɗalibai kan manta bayan jarrabawa shi ne wurin da aka ɗauke shi, wato Daudawa, garinmu, wanda a yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, ba nisa da Funtuwa. An zaɓi garin ne saboda auduga. Fim ne na wayar da kan manoma, a lokacin kuwa gonar gwamnati ta Daudawa ce ke yaɗa angurya mai kyau kafin a raba wa manoma. Kaɗar da aka noma kuma ta nufi injin gurza na Funtuwa, wanda har gobe unguwarsa ke amsa sunan Bisije, daga haruffan kamfanin Turawan da ya kafa shi, B.C.G.A.

To, garin ya fito a fim, amma mu da muka yi ƙuruciya a cikinsa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990 ba mu tashi mun ga silima ba. Babu ginin, babu tagar yankar tikiti, babu kujeru a jere. Duk da haka mun yi kallo, kallon da har yau idan muka haɗu a wurin biki ko zaman makoki sai hirarsa ta taso.

Iyayenmu majigi suka sani. Sunan ya samo asali daga wata tsohuwar fitilar Turawa mai haska hoto a bango, majik lantan, bakin Bahaushe ya murɗa shi ya koma majigi. Motar Ma'aikatar Watsa Labarai ce kan iso da la'asar, mai shela ya zaga gari, a kafa farin ƙyalle a filin firamare. Ba a biyan ko sisi. Yara a gaba, dattawa a tsakiya, mata a baya. Wanda ya makara sai ya zagaya bayan ƙyallen ya yi kallonsa a juye, hannun dama ya koma hagu, bai damu ba. A nuno Sardauna yana buɗe wani aiki, a nuno rigakafi, a nuno yadda ake shuka kaɗa layi-layi. A gefen motar akwai mutum riƙe da lasifika yana fassara, yana ƙara gishirinsa. Iyayenmu sun ce sau da yawa shi ake zuwa saurare, hoton na biye. Mu wutsiyar abin muka tarar, sau ɗaya ko biyu, lokacin ya riga ya zama baƙo.

Silima kuwa abar birni ce. Sunayenta kawai muke ji a bakin yaran mota da 'yan cirani: Plaza, Wapa, Marhaba, Eldorado, duk a Kano. Kuma sunan ba shi da daɗi a kunnen dattawa. A wurinsu matattarar 'yan iska ce da masu shan taba. Suna kuma da hujjar da suke ɗagawa: ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El-Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. An yi shekara kusan arba'in da faruwar abin, amma tsofaffinmu suna ba da labarinsa kamar jiya aka yi. Saboda haka da wani ɗan kasuwa ya dawo da talabijin da bidiyo da ƙaramin injin wuta, ya kewaye wani fili da zana ya ce ga gidan kallo, mummunan sunan silima ya riga shi isa ƙofar gidajenmu.

Neman izini aiki ne mai matakai. Makarantar allo tana tashi Laraba sai Juma'a da yamma, don haka daren Laraba da na Alhamis ne kawai ake da bakin magana. Ba a tunkarar uba kai tsaye. Ta wajen uwa ake bi, bayan an cika randa, an ɗaure awaki, an share tsakar gida ba tare da an sa ka ba. Ita kuwa ta riga ta gane.

"Inna, yau akwai sabon Indiya."

"Kun gaya wa Malam?"

"Ke dai ki faɗa masa, Inna."

"Ni ba ruwana. In ya tambaya zan ce kuna wajen Kawu."

Wannan "wajen Kawu" ita ce izinin. Malam ma ya san inda muke. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba ya faɗa sau biyu: a yi Isha'i tukuna, sannan kada ya nemi mutum da asuba ya rasa.

Sai kuɗi. Sulai biyar ne ko naira ɗaya, ya danganta da fim da kuma shekarar. Muna tuna lokacin da aka mayar da takardun sulai biyar da naira ɗaya suka zama ƙarfe a 1991, domin daga nan ne aljihunmu ya fara ƙara idan muna gudu. Da kaka abin da sauƙi. A tafi cirar kaɗa da sassafe cikin hunturu, ɓawon yana sukar yatsu har su yi ja, a cika buhu, a auna, a biya. Da bazara kuwa sai dabara: ɗaukar kaya ranar kasuwa, yankan ciyawa, ko a yi karo-karo a biya wa mutum ɗaya ya shiga, ya fito ya ba sauran labari. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da zana. Kowace zana tana da ƙofar ido, mai gidan kallon kuma yana da tsumagiya da yake zagayawa da ita, ko da yake ba mu taɓa ganin ya daki kowa da gaske ba.

Da rana ake sanin abin da za a nuna. Akwai baƙin allo a jingine a bakin hanya, an rubuta sunan fim da alli, an maƙala kwalin kaset a sama. A nan ake fara gardama tun kafin a kalla. Wane ne akta, wane ne bos? Ba sunayen gaskiya muke kira ba sai jefi-jefi. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Govinda Sarkin Rawa, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Idan Canis ne, tambaya ɗaya ce: akwai Bruce Lee ko Jackie Chan? In babu, wasu sukan adana kuɗinsu zuwa gobe.

A ciki, talabijin ɗin tana bisa tebur da aka ɗora a kan ganga. Girmanta bai wuce faifai biyu ba, amma mutum sittin ko fiye za su zuba mata ido. Manya a benci, mu a ƙasa, ƙafa a naɗe, wuya a ɗage. Ƙarar inji daga bayan zana, warin fetur, ƙurar hunturu, da mai gyaɗa da mai rake a bakin ƙofa. Fim ɗin Indiya awa uku ne, kuma da wuya ya tafi lafiya daga farko har ƙarshe. Ko hoto ya fara layi-layi, a tsaya a buɗe bidiyo a goge kansa. Ko ya tauna kaset, a zaro zaren a hankali, a yanke inda ya yamutse, a liƙe da jan farce. Ko mai ya ƙare ana tsakiyar faɗa, wuri ya yi duhu ɗif, ihu ya tashi kamar za a ɗage zanar.

Babu wanda ke jin Indiyanci a cikinmu, kuma a nan daɗin abin yake. Akwai wani tela da ya yi zaman Kano, muna ce masa Tafinta. Kusa da talabijin yake zama, kuma ba a karɓar kuɗinsa. Idan jaruma ta yi doguwar magana tana kuka, sai ya juyo ya ce, "Cewa take, ko za a yanka ta ba za ta auri ɗan mai kuɗin nan ba." Idan bos ya yi tsawa, ya ce, "Ya ba su kwana uku." Inda aka yanke kaset labari ya yi tsalle, shi ke cike giɓin nan take, ba ya ko ƙifta ido. Wasu kasusuwan suna da Turanci a rubuce yana gudu a ƙasan allo. 'Yan aji biyu da aji uku na sakandare sukan yi ƙoƙarin kama shi, su ce wa Tafinta ai ba haka aka rubuta ba. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Bature ne ya yi kuskure." Maganar gaskiya, sau da yawa tasa fassarar ta fi ta Baturen armashi.

Mu kanmu muna tsintar kalmomi. Sai mu ji an ce duniya, mu dubi juna. A ce zamana, a ce shaitan, a ce kabar a gaban kabari, a ce adalat a gaban alƙali, a kira lauya wakil, a ce hukum. Mun ɗauka Hausa ce suka sata. Sai da muka yi nisa a karatu muka gane cewa rijiya ɗaya aka sha. Harshen finafinan Bombay cike yake da kalmomin da suka shigo ta Larabci da Farisanci, Hausa kuma ta karɓi nata rabon daga Larabci ta hanyar malamai da fatake. Zamani da zamana, adalci da adalat, hukunci da hukum, wakili da wakil, 'yan uwa ne da suka rabu da daɗewa suka sake haɗuwa a cikin zana a Daudawa. Da kalma biyar ko shida irin waɗannan, da kallon fuska, da sautin kiɗa, yaro ɗan shekara goma yakan gina labari cikakke.

Kuma dole ya gina, domin ana jiran sa a gida. 'Yan mata ba sa zuwa gidan kallo. Wannan doka ce da ba a rubuta ba, ba a kuma yi gardama a kanta ba a lokacin, ko da yake yanzu in mun waiwaya muna ganin an tauye su. Waƙoƙin sun sani, sun fi mu ma, domin suna ji a rediyo. Labarin ne ba su gani ba. Washegari da hantsi, ana surfe ko ana tsintar shinkafa, sai Yaya ta kira.

"Zo nan. Daga farko za ka faro mini, kuma kada ka tsallake."

"Yaya, barci ya ɗauke ni a tsakiya."

"To, ƙosan da na ajiye maka shi ma barci ya ɗauke shi."

Nan take sai labari ya dawo. A tashi tsaye a yi tafiyar bos, a yi muryar uwa, a yi ƙarar naushi da baki. Inda aka yi barci a ƙago. Kafin azahar fim ɗaya ya zama kala biyar a unguwa ɗaya, kuma matan sukan haɗa su a bakin rijiya su gano wanda ya fi ƙarya. Muna da abokai da malamai suka sha yaba wa insha'insu a sakandare. Ba mu shakkar cewa a gindin turmin nan suka koyi yadda ake fara labari, inda ake jan rai, da inda ake tsayawa. Yau kamfanonin Kano irin su Algaita suna ɗora wa finafinan Indiya muryar Hausa, kowa yana ji tar, mace da namiji, kuma ba mu ce ba ci gaba ba ne. Sai dai fim ɗin da ya zo da bakinsa ba ya barin wa yaro aikin yi.

Akwai finafinan da ko Tafinta ba ya sa musu baki sosai. Mother India na 1957 yana cikinsu. Tsoho ne tun a lokacin, amma duk sanda aka sa shi sai ka ga dattawan da ke zagin gidan kallo sun zo sun tsaya daga baya, wai wucewa suke yi. Labarin mace ce manomiya da mai ba da bashi ya bi gonarta da shanunta da amfanin gonarta, shekara da shekaru bashin bai ƙare ba. Mutanen Daudawa sun san garmar shanu, sun san abin da ake nufi da cin bashi da damina a biya da kaka ninki biyu. Inda Nargis ta ɗauki garma a kafaɗarta saboda babu sa, ba ka jin ko tari. Disco Dancer da Mard namu ne, mu yara, saboda rawar Mithun da dokin Amitabh da karensa. Wancan kuwa na iyayenmu ne.

Finafinan Hausa na bidiyo sun fara da Turmin Danya a Kano a 1990, amma sun ɗauki lokaci kafin su cika allon tallanmu. Da suka zo, sun zo da ƙarfi. Marigayi Rabilu Musa Ibro kaɗai ya isa ya cika zana. Zuwa lokacin Sangaya, wajen 2000, bidiyo ya shiga gidaje, mata sun samu nasu kallon a tsakar gida, gidan kallo kuma ya koma na ƙwallon Turai. Mu ma mun watse, wasu makaranta, wasu kasuwa.

Fim ɗaya ne muka ajiye zuwa yanzu da gangan, Sholay na 1975. Babu wanda aka maimaita kamarsa. Labarin wani ƙauye ne da ɗan fashi Gabbar Singh ya addaba. Yana zaune cikin duwatsu da yaransa, su sauko a kan dawakai, su karɓi hatsi a hannun manoma a matsayin kuɗin zaman lafiya. Wanda ya ƙi, a kashe. Sai wani tsohon ɗan sanda da Gabbar ya sare wa hannuwa ya ɗauko abokai biyu, Amitabh da Dharmendra, su zo su tsare garin. A wannan fim ne aka karya mana doka. Mun tashi da sanin cewa akta ba ya mutuwa, sai ga Amitabh ya mutu a ƙarshe. Daren farko wasu sun ƙi tashi, sun ce mai gidan kallo ne ya yanke, a ƙaro sauran. Gabbar kuwa shi ne gwaninmu a wasa. Kowa yana son ya zama shi a filin makaranta, ya ja bel a ƙasa, ya yi dariyar nan tasa. A wurinmu ɗan fashin da ke saukowa daga dutse ya sa wa gari haraji abu ne na Indiya, kamar rawa a cikin ruwan sama.

Ku da kuke karanta wannan a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba ku bukatar a fassara muku. Babura sun maye gurbin dawakai, dajin da ke tsakaninmu da Zamfara ya maye gurbin duwatsun, manomi ya biya kafin ya shuka, ya biya kafin ya girbe. Daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sa'o'inku, aka yi kusan mako guda kafin su dawo. Da yawanmu mun gwada sake kallon Sholay a waya bayan wannan. Wajen da yaran Gabbar suka shigo gari karɓar hatsi, a nan muke kashewa.

Abin da aka fara ƙwacewa shi ne dare. Mu mun yi tafiya ƙarfe goma sha ɗaya daga gidan kallo zuwa gida, ba fitila, abin tsoronmu bai wuce karen wani gida da kukar da aka ce tana da aljanu ba. Yara daga ƙauyukan kewaye sukan zo a ƙafa ko a keke su koma a daren. Yanzu uwar da za ta ce "zan ce kuna wajen Kawu" sai ta yi tunani sau goma, kuma ba wanda zai ga laifinta.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu. An hana sayar da fetur a jarka, an hana hawa babur da dare, har masu cajin waya na haya aka dakatar. Injin gidan kallo ya yi shiru, intanet ta ɗauke. Abin da ya rage shi ne finafinan da aka riga aka tura a memori, da ɗan cajin da aka samu a farantin sola na wani maƙwabci. A cikin waɗannan watannin muka je gida ta'aziyya. Bayan la'asar muka tarar da 'ya'yan ƙannenmu a zaure, kai bakwai a kan waya ɗaya, maza da mata, an jingina ta da kwano. Ana tsakiyar faɗa wayar ta mutu. Aka yi tsaki, aka jijjiga ta, aka cire batir aka goga a riga, ba ta tashi ba. Sai wata yarinya 'yar aji ɗaya, wadda ta riga ta kalla a wayar yayanta, ta miƙe ta gyara ɗankwali ta ɗora daga inda aka tsaya. Ta yi muryar bos, ta yi ƙarar mota, ta faɗi ƙasa ta tashi. Wani ƙaramin ya katse ta ya ce ƙarya ne, ai ba a nan aka harbe shi ba. Ta dube shi ta ce, "Kai ka gani ko ni?" Ya yi shiru, ta ci gaba, har aka kira Magariba aka rufe ƙofar zaure.